Yadda Ake Zaɓar Ruwan Inabi da Sauran Abin Sha Domin Liyafar Biki

A yawancin gidajen biki ana kwashe makonni ana shawara a kan anko da lefe da wadda za ta yi girki, amma batun abin sha sai ana saura kwana biyu a damƙa wa wani ƙanen ango kuɗi a ce ya shiga kasuwa ya sayo ruwa da lemo da kwalaben inabin nan da 'yan kasuwa ke kira wayin. Daga nan matsaloli ke tasowa: ruwa ya ƙare tun ba a raba abinci ba, kunun aya ya yi tsami kafin amarya ta iso, ko kuma a ɗora wa dattawa kwalbar da babu wanda ya tsaya ya karanta abin da ke jikinta. Mai biki shi ke da alhakin duk abin da ya shiga maƙogwaron baƙinsa, saboda haka wannan aiki yana buƙatar mutum ɗaya mai natsuwa da zai riƙe shi tun daga lissafi har zuwa lokacin da za a kwashe kofuna.

Matakin farko shi ne a rubuta tarukan da za a yi, domin kowane taro da irin abin shansa. Ɗaurin aure taron maza ne da ba ya ɗaukar lokaci, yawanci a masallaci ko a ƙofar gida, kuma ruwa mai sanyi da lemon roba sun wadatar, tun da mutane a tsaye suke kuma kowa yana son abin da zai riƙe ya wuce da shi. Kamu da yinin biki na mata ne da yara, ana daɗewa a zaune, kuma a nan ne zoɓo da kunun aya da lemon citta suka fi karɓuwa. Walima da dina su ne ake jera tebura, kuma a kansu ne kawai kwalbar ruwan inabi take da ma'ana. Wanda ya saye ta domin ɗaurin aure ya yi asarar kuɗinsa, domin babu kofi, babu wurin zama, kuma kwalba ɗaya ba ta rabuwa a cikin cunkoso.

Bayan haka sai lissafin mutane, kuma kowa ya san adadin katin gayyata ba shi ne adadin masu zuwa ba. Wanda aka gayyata yakan zo da abokinsa, mace takan zo da ƙanwarta da 'ya'yanta, ga kuma 'yan gayyar soɗi. Idan an raba kati 250, a yi shirin mutum 300. Da wannan adadi za mu yi misali har ƙarshe.

A fara da ruwa kafin komai, domin shi ne abin da kowa zai nema, mai ciwon suga da yaro da tsoho, kuma shi ne aka fi rainawa wajen sayayya. A liyafar da za ta kai awa uku ko huɗu a ware wa kowane mutum roba biyu mai santilita 75, wato roba 600, kuma tun da ƙunshi ɗaya yana ɗauke da roba 12, ana buƙatar ƙunshi 50. Idan bikin ya faɗo tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, a ƙara roba ɗaya a kan kowane mutum. A lokacin hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, ana iya ragewa, a kuma tanadi shayi ko kunun gyaɗa mai zafi idan taron na dare ne. Direbobi da masu gadi da masu ɗaukar hoto da masu rabon abinci su ma mutane ne masu jin ƙishirwa, kuma 'yan jakunkunan ruwan leda, mai ɗauke da guda 20 kowace, za su hana su taɓa abin da aka jera a tebur. Lemon kwalba da maltina kuma guda ɗaya ga kowane mutum ya isa. Ana iya raba 300 ɗin zuwa lemo 180, wato ƙunshi 15, da maltin gwangwani 120, wato katan 5 masu guda 24.

Yanzu sai ruwan inabin kansa, wanda a nan ne ya kamata a fi tsayawa. Kwalaben da ake gani a shaguna masu dogon wuya da takardar zinare a baki kamanninsu ɗaya ne, amma abin da ke cikinsu iri uku ne mabambanta, kuma siffar kwalba ba ta nuna wanne ne wanne.

Iri na farko ruwan inabi ne da aka matse, aka dafa shi sama-sama domin kashe ƙwayoyin da ke sa shi ya ruɓa, aka kuma cusa masa iskar gas irin ta lemon kwalba. Wannan bai taɓa zama giya ba. Dabarar ta samo asali ne tun 1869, lokacin da wani likitan haƙori a Amurka mai suna Thomas Welch ya yi amfani da hanyar da masanin kimiyyar Faransa Louis Pasteur ya gano domin ya samar wa cocinsu ruwan inabin da ba ya sa maye. A jikin irin wannan kwalba za a ga an rubuta “sparkling grape juice” ko “grape drink”, kuma yawancin sunayen da aka saba gani a kasuwanninmu, irin su Chamdor da Pure Heaven da Eva, a wannan rukuni ake sayar da su. Wanda zai aiki yaro ya sayo Eva ya fayyace masa wadda yake nufi, domin akwai ruwan roba mai wannan suna.

Iri na biyu shi ne wanda aka bari ya zama giya sosai, sannan aka zare barasar da na'ura, ko dai ta hanyar tafasa shi a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska domin barasar ta fice ba tare da zafi mai yawa ba, ko kuma ta hanyar tace shi da matata mai matuƙar laushi. A jikinsa ana rubuta “dealcoholised” ko “alcohol removed”, a kwalaben da suka biyo ta Nijar kuma “désalcoolisé”. Abin lura shi ne zarewar ba lallai ta kai ƙarshe ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a kira shi da wannan suna matuƙar barasar da ta rage ba ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba, kuma a Amurka ma abin sha mai ƙasa da kashi 0.5 ana iya rubuta masa cewa marar barasa ne. Malamai sun yi saɓani a kan wannan iri: wasu suna duban cewa ba ya sa maye komai yawan da aka sha, wasu kuma suna duban asalinsa da cewa sai da aka haɗa giya kafin a same shi. A ganina mai biki ba ya buƙatar shiga wannan saɓani a madadin mutum 300 da bai san ra'ayin kowannensu ba. Ya tsaya a iri na farko, hankalin kowa ya kwanta.

Iri na uku kuwa giya ce tsantsa, mai barasa tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, kuma wasu daga ciki suna da zaƙi da ja mai kyau har wanda bai sani ba zai ɗauka lemo ne. A Kano da sauran jihohin da suka ƙaddamar da shari'a tun daga shekarar 2000 ba kasafai ake cin karo da ita a shagon unguwa ba, amma wanda ya yi sayayyarsa a manyan kantunan Abuja ko Legas zai tarar da ita a jere kusa da marar barasa, wani lokaci ma kamfani ɗaya ne ya yi su da tambari iri ɗaya.

Saboda haka karatun kwalba ya zama wajibi, kuma ga yadda ake yin sa. A juya bayanta a nemi lambar da ke tare da alamar kashi cikin ɗari da haruffan “vol” ko “ABV”. Abin da ake so a gani shi ne 0.0%. Idan an ga 0.5% ko an rubuta cewa bai kai 0.5% ba, to akasari iri na biyu ne, idan kuma lambar ta haura haka, a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Daga nan a karanta jerin kayan haɗi, inda ya kamata a ga ruwan inabi da ruwa da suga da iskar gas. A nemi lambar rajistar hukumar NAFDAC, a duba ranar ƙarewar wa'adi, a kuma tabbata ba a kankare ta an sake bugawa ba. Tambarin halal ƙarin natsuwa ne idan akwai shi. Idan an sayi katan da yawa, a buɗe kowanne a zaro kwalba ɗaya ko biyu a duba, domin a wurin lodi katan yakan cakuɗe da wani.

Akwai wani wuri da barasa ke shiga liyafa ba tare da kowa ya lura ba, wato haɗin nan mai ja da ake kira chapman, wanda masu shirya taro ke zubawa a manyan kofuna da yankan kokwamba da lemon zaƙi. Asalin haɗinsa lemon kwalba ne iri biyu da jan sirop, wato ruwan suga mai kauri, sai kuma 'yan ɗigo na wani ruwa mai ɗaci da ake kira Angostura, wanda kashi 44.7 cikin ɗarinsa barasa ce. Ɗigon kaɗan ne, amma wanda ba ya so a bikinsa ya faɗa wa mai haɗin tun ranar da suka yi ciniki cewa a cire shi, kuma ɗan ruwan citta ko na ɓawon lemon tsami yana maye gurbinsa.

Idan an tabbatar da iri, sai zaɓen launi da ɗanɗano, kuma abincin da za a ci shi ne ke yanke hukunci. Jan ruwan inabi ya fi nauyi da zaƙi, ya kuma fi tafiya da abinci mai yaji da nama, kamar dafa-duka da soyayyiyar kaza da farfesun kayan ciki, domin zaƙi da sanyi suna kwantar da zafin attaruhu. Farin kuwa ya fi tsami-tsami, saboda haka ya fi dacewa da abinci mai maiƙo irin su soyayyiyar shinkafa da waina da kifi, haka nan shi ne ya kamata ya raka kek da alkaki da dubulan, domin zaƙi a kan zaƙi yana gundurar baki tun a kofi na farko. Mutanenmu sun fi son ja, kuma ya fi kyau a hoto, don haka kashi biyu ja da kashi ɗaya fari rabo ne mai kyau. Sai dai a tuna cewa ja yana ɓata farar shadda da farin leshi, saboda haka a teburin ango da amarya fari ya fi aminci. Tuwon shinkafa da miyar taushe kuwa babu kwalbar da ta kai musu zoɓo mai citta ko ruwan tsamiya.

Kada a sayi katan shida a kan maganar mai shago. Ana saura mako biyu a sayi kwalba ɗaya-ɗaya daga iri uku ko huɗu, a sanyaya su, a tara mutum biyar daga dangin ɓangarorin biyu, har da dattijuwa ɗaya da matashi ɗaya, a zuba musu ba tare da sun ga kwalbar ba, tare da ɗan abinci irin wanda za a ci ranar. Sau da yawa wadda ta fi tsada ba ita ke cin zaɓe ba. A bar ragowar kofi ɗaya na minti goma sha biyar a sake ɗanɗanawa, domin a wurin taro haka zai zauna kafin a sha, kuma wani iri da zarar gas ɗinsa ya fita sai ya koma kamar ruwan suga.

Lissafin kwalabe mai sauƙi ne. Kwalba mai santilita 75 tana cika ƙaramin kofi mai dogon wuya sau shida. Tebur mai mutum goma yana buƙatar kwalba biyu, tebur 30 kuma kwalba 60, wato katan biyar idan kowanne yana da 12. A tambayi mai shago adadin da ke ciki, domin wasu katan guda shida ne kawai. A ƙara katan ɗaya domin teburin iyaye da manyan baƙi da kuma abin da za a aika gidajen surukai. Fiye da haka ɓarna ce, domin abin da aka fi gani shi ne a buɗe kwalba a sha rabi a bar saura, ko kuma ta shige jaka ba a buɗe ta ba. Sari a kasuwa irin ta Singa a Kano ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sayen ɗai-ɗai, kuma yana da kyau a yi yarjejeniya da dillali cewa zai karɓi katan da ba a buɗe ba. Wasu dakunan taro suna cajin kuɗi idan an shigo da abin sha daga waje, wasu ma ba sa yarda sam, don haka a tambaya kafin a biya kuɗin wuri.

Abin sha na gida yana da nasa tsarin, kuma shi ne ya fi buƙatar kula da lokaci. Zoɓo ya fi haƙuri saboda tsaminsa, ana iya dafa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba tun jajibiri, a tace a sa a firji, amma suga da yankakken kayan marmari a bari sai safiyar ranar. Idan ana sa ran mutum 200 daga cikin 300 za su sha kofi ɗaya mai kimanin mililita 300, lita 60 ke nan, wato jarka uku masu lita 20. A ware jarka ɗaya mai ƙarancin suga domin dattawa, kuma a sani cewa zoɓo yana saukar da hawan jini, ana kuma shawartar masu juna biyu su yi taka-tsantsan da shi, saboda haka kada ya zama shi kaɗai ne a teburin mata.

Kunun aya kuwa ba ya jira. Haɗin aya da dabino da kwakwa cike yake da suga da maiƙo, kuma idan ya zauna a wuri mai zafi ƙwayoyin yis da ke cikinsa sukan fara cin sugan suna fitar da iska da tsami da kuma barasa kaɗan-kaɗan, wato dai hanyar da ake bi a yi giya. Alamominsa su ne robar ta kumbura, ta yi tsit idan an buɗe, kumfa ta taso, ɗanɗano ya juya. Abin mamaki ne mutum ya wahala wajen neman kwalba mai 0.0% sannan ya bar kunun aya a cikin but ɗin mota tun hantsi har la'asar. A markaɗa shi da asubahin ranar, a ɗura a robobi masu tsabta, a binne su cikin ƙanƙara nan take, a kuma raba shi a farkon taro. Kunun zaƙi ma haka yake, ko da yake ya ɗan fi shi juriya. Duk wanda za a ba kwangilar haɗawa a tambaye shi da wane ruwa zai yi amfani, domin ruwan da ba a tafasa ba ko ƙanƙarar da ba a san asalinta ba suna iya kwantar da rabin dangi washegari. Ƙanƙarar buhu ta sanyaya kwalba ce daga waje, ba ta jefawa a cikin kofi ba.

Sanyaya kaya aiki ne da ba a dogara da wutar lantarki a kansa. A ajiye katan a ɗaki mai inuwa, kada a bar su a rana ko kusa da janareta, domin zafi yana ɓata ɗanɗano yana kuma ƙara matsin gas. Ana saura awa biyu a fara taro a jera kwalabe a cikin manyan kuloli ko baho, a zuba ƙanƙara da ruwa har wuyan kwalba, a watsa gishiri cikin hannu ɗaya ko biyu. Ruwa da ƙanƙara tare sun fi ƙanƙara zalla saurin sanyayawa saboda ruwan yana taɓa ko'ina a jikin kwalbar, kuma cikin rabin awa zuwa minti arba'in za ta kai sanyin da ake so, wato tsakanin digiri 6 zuwa 8. Kada a sa kwalbar gilashi mai gas a cikin injin daskarewa a manta da ita, domin tana fashewa. A raba kuloli gida-gida, na ruwa daban, na lemo daban, na inabi daban, a kuma ɗora mutum ɗaya amintacce a kansu da takardar da ke nuna abin da kowane tebur zai samu.

Tsarin fitarwa yana rage ɓarna fiye da kowace dabara. Ruwa ne kawai ya kamata baƙo ya tarar a tebur. Zoɓo da kunun aya su fito yayin da ake jiran ango da amarya, lemo da malti su zo tare da abinci, ruwan inabi kuma a riƙe shi sai an zo yanka kek ko bayan addu'ar iyaye, lokacin yana da sanyinsa kuma kowa yana zaune. A ɓoye kashi ɗaya cikin goma na komai a wani ɗaki domin waɗanda za su iso a makare, musamman dangin da suka taso daga nesa.

Buɗe kwalbar ma yana da ƙa'ida, kuma ya kamata a nuna wa masu rabo tun kafin baƙi su shigo. Wasu kwalaben murfin murɗawa gare su, waɗannan ba su da wahala. Masu toshiya da waya kuwa, a cire takardar bakin, a ɗora babban yatsa a kan toshiyar kafin a kwance wayar, a karkata kwalbar zuwa inda babu mutum ko fitila, sannan a riƙe toshiyar da tawul a riƙa juya kwalbar a hankali har ta saki da ɗan huci. Toshiyar da ta kuɓuce tana fita da ƙarfin da zai iya raunata ido, kuma girgiza kwalba domin ta yi feshi yana zubar da kusan kofi biyu a kan kayan mutane. Wajen zubawa a karkata kofin, a zuba kaɗan a jira kumfar ta kwanta, sannan a ƙara har kashi biyu cikin uku. Idan kofunan gilashi na haya ne, a ƙirga su a gaban mai su lokacin karɓa, a kuma sake ƙirgawa a daren kafin masu shara su fara tattara tebura.